Gawayin Kachala

Shekara goma sha bakwai ina yankan kachala,
ta fi ni haƙuri, ta fi lauje taurin kai.
In na yanka da safe, kafin in wanke ƙafa
'ya'yanta sun miƙe a gurbin uwa.

Ta cinye hanyar kwalekwale, ta shaƙe wuyan Marma,
kifi ya yi ƙaura bai bar mana sallahu ba.
Jan-baki suka kama haya a cikinta,
da asuba su rufe shinkafa kamar hadarin gabas,
mu bi su da gwangwani har murya ta dishe,
mu koma gida da ƙaiƙayi muna aunawa.

'Yan jami'a kuwa mun saba da su.
Farar mota, malafa, takarda mai layi-layi:
Baba, 'ya'yanka nawa? Buhu nawa ka samu bara?
Mu faɗa, su rubuta, su sha fura, su tafi.
Wani yaro ya ce ya ga sunan garinmu a birni
cikin littafi mai baƙin bango, can saman kanta,
gara kaɗai ke buɗe shi tana karantawa.

Sai ga Ladidi 'yar Ilu mai faci,
wadda muka yi wa karo-karon kuɗin mota
ranar da za ta tafi karatu,
ta dawo da malaminta da ganga da wani inji
a bayan a-kori-kura, ɗaure da igiyar roba.
Ta ce, Baba Tanimu, maƙiyinka muka zo saye.
Na yi dariya har haƙorina ɗaya ya motsa:
wa ya taɓa kai ciwon kai kasuwa?

Ranar farko inji ya yi tari ya mutu.
Rana ta biyu gawayin ya fito, ka taɓa ya ruguje.
Malam ya cire tabarau yana harara lissafi.
Na ce, Malam, wannan ta tsakiyar ruwa ce,
ɗanya ce har zuci.
A yanko ta gefen tudu bayan kaka,
ta kwana tara a rana, ana juyawa.

Ya dube ni. Ya buɗe sabon shafi.
Ya ce, maimaita, Baba.
Ban taɓa jin an tambaye ni abin da na sani ba,
kullum abin da na rasa ake ƙirgawa.

Mati maƙeri ya yi wa injin haƙori
da ƙarfen tsohuwar garma.
Inna Kande ta dama kunun rogo ta ce a zuba,
in ya riƙe cikin yaro, zai riƙe toka.
Ladidi tana awo, tana rubutu, tana faɗa da kowa.
Ran Laraba muka hura guda uku a murhu,
suka yi ja kamar idon zakara,
ba hayaƙi, ba hawaye wajen dafawa.

Ba zan ce mun yi arziki ba.
Inji na yin zuciya duk mako,
kachala kuma ba ta ji labarin an ci ta da yaƙi ba.
Amma mai shayin tashar Haɗeja na aiko da buhu,
kuma yara huɗu da suka ɗaure jaka za su Ikko
sun kwance, suna nan suna gardamar farashi
a ƙarƙashin tsamiyar da ba a sare ba bana,
don an samu abin ƙonawa.

Jiya Ladidi ta kawo littafin, shi ma baƙin bango.
Ta ɗora yatsana kan wani layi, ta ce sunana ne.
Na ce a bar ɗaya nan, a rumfar Mati,
ya sha hayaƙi, ya yi dauɗar hannu,
gara ta nemi wani abin karantawa.

Da yamma na tura kwalekwale ta inda muka yanke.
Faɗin hanyar bai wuce tabarma ba.
Na jefa ƙugiya don kawai hannu ya tuna,
sai na ji an ja,
can ƙasa, a hankali,
kamar baƙon da ke sallama yana jin kunyar daɗewa.